Gada da Furen Ɗunɗu

Kaka Tabawa ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, in kun kama ta ku riƙe."

Yara suka amsa, "Ta zo mu ji ta, Kaka, ba za mu sake ta ba."

To ku matso. Kai Sallau, cire yatsa daga hanci, ba can tatsuniyar take ba.

Wata Gada ce. Kun san gada, 'yar dabbar nan mai kama da akuya, wadda ko ganye ya faɗi sai ta zabura. Wannan Gada ta haifi 'ya'ya biyu a kurmin da ta tashi, duka Kura ta cinye su. Kun san yadda aka yi? Gada takan ɓoye ɗanta ta tafi kiwo, haka duk gada ke yi. Sai Kura ta zo ta siranta murya, ta yi kira irin na uwar. Ɗan ya amsa, shi ke nan.

Da Gada ta sake samun ciki sai ta ce, "Wallahi ba zan haihu a nan ba."

Ta bar kurmi. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har ta faɗo wani dajin ƙaya, inda ba ta san kowa ba, ba ta san sunan itace ko ɗaya ba. Nan ta haihu, namiji. Ta sa masa suna Abarshi, ko Allah ya sa a bar mata shi.

Ran nan da safe, lokacin bazara, yunwa ta kama ta. Ta kora ɗanta gaba tana neman inda za ta ɓoye shi. Sai ta ga wani ɗan itace mai duhuwa, rassansa har ƙasa, ƙaya ta ko'ina. Ga fure yana reto kamar tuntun hula, samansa ja-ja mai laushi, ƙasansa rawaya. Gada ba ta taɓa ganin fure mai launi biyu ba.

Ta ce, "Madalla. Wannan ko daga nesa na hango shi na gane shi."

Ta tura Abarshi can gindi. Ta lashe shi tas, daga kunne har wutsiya, don kada wani hanci ya ji warinsa. Sannan ta ce, "Abarshi, in ka ji motsi fa?"

Ya ce, "Ba zan motsa ba, Inna."

"In ka ji an kira sunanka fa?"

"Ba zan amsa ba, Inna."

"In ka ji muryata, ni uwarka, ina kuka ina roƙonka fa?"

Abarshi ya dubi uwarsa. Can ya ce, "Har ke, Inna?"

Ta ce, "Har ni. Murya ana aronta. Sai ka ji hancina a jikinka, sannan ka san ni ce."

Kada ku ga laifinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ta fita kiwo. Ko cika baki ba ta yi ba, sai ga karnukan mafarauta. Gada ta zuba a guje. Ba ta yi wajen ɗanta ba, ta yi gabas don ta janye su. Ta tsallake rafi, suna biye. Ta tsallake gona, suna biye. Ta tsallake wani dutse, sannan suka gaji suka koma. Ita ma ta faɗi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, nan ta kwana.

Washegari sai da rana ta take sannan ta dawo dajin ƙaya. Nono ya cika yana mata zafi. Ɗa bai sha komai ba tun jiya. Ta ɗaga kai, sai ta hango hayaƙi. Manoma ne suka sa wa sassabe wuta, iska ta kwashe ta ta yi daji da ita.

Ta ƙara sauri. Ta ce, "Ja da rawaya, ja da rawaya."

Ta iso wasu itatuwa masu duhuwa. Ta duba furensu, ta ga fari da rawaya. Ta ce, "Ba su ba ne," ta wuce.

Yara, nan ɗanta yake! Yana kwance yana kallon ƙafafun uwarsa ta tsakanin ƙaya. Bakinsa ya buɗe, ya tuna, ya rufe. Ni duk sanda na zo nan sai in ji kamar in shiga tatsuniyar in ja mata kunne.

Tana cikin zagaye sai ta yi kiciɓis da Dila, yana kwance a inuwa, ciki ya lafe.

Dila ya ce, "A'a, baiwar Allah, lafiya kike haki haka?"

Da hankalinta na jikinta da ta wuce. Amma hankali ya riga ya tashi. Ta ce, "Ɗana! Na ajiye shi gindin wani itace mai ƙaya, mai fure ja da rawaya, na rasa wurin."

Sai da maganar ta fita ta ga wanda ta gaya wa. Magana kuwa zarar bunu ce.

Dila ya miƙe ya karkaɗe jiki. Ya ce, "Subhanallahi! Ɗan ƙarami ne?"

Ta yi shiru.

"Mai ƙiba?"

Ta yi shiru.

Ya ce, "Ina tambaya ne don in san irin inuwar da za ta ɓoye shi. Mu je, ƙanwata, in taya ki nema. Ai ɗa na kowa ne."

Ta ce, "Na gode, yi zamanka."

Ya ce, "Haba, ina zama ga wuta na tahowa?"

Ta yi sauri, ya yi sauri. Ta tsaya, ya tsaya. Shi dai Dila mai cin nama ne, bai taɓa ɗaga kai ya dubi fure ba tun da aka haife shi. Hancinsa kuma bai jiyo komai ba, don ɗan a lashe yake. Dole sai ya bi uwar. Ita kuma in ta samu ɗan, Dila ya samu. In ba ta samu ba, wuta ta samu.

Suka tarar da Akuya ta ɗaga ƙafafun gaba tana cin ganye.

Gada ta ce, "Sannu da kiwo, Gwaggo Akuya. Don Allah wane itace ne mai ƙaya, mai fure ja da rawaya, yana reto?"

Akuya ta waiwayo, ta ga Dila yana lasar baki a bayan Gada. Ta ce, "Rawaya? Bagaruwa ce, ga ta nan, sai an jima!" Ta ɗage wutsiya ta yi gari.

Gada ta dubi bagaruwa. Fure rawaya ne kam, amma dunƙule-dunƙule, ba ja ko ɗigo. Ƙaya bibbiyu, farare. Gindi fayau, ko ɓera ba zai ɓuya ba. Ta san ba nan ba ne. Ta kuma san ko nan ne ba zai amsa ba, amma bakin uwa ba ya bin doka. Sai ta kama waƙa.

Ku ne daji yanzu. In na rera, ku ce, "Shiru, Gada, shiru."

"Abarshi, Abarshi, ɗan lelena."

"Shiru, Gada, shiru."

"Ina na bar ka, ina ka kwanta?"

"Shiru, Gada, shiru."

"Nono ya cika, babu mai sha."

"Shiru, Gada, shiru."

Dila ya ce, "Waƙa mai daɗi. Mu ƙara gaba."

Hayaƙi ya fara rufe rana. Suka gangara bakin rafi, suka tarar da Kwaɗo a kan laka.

Gada ta ce, "Sannu da hutawa, Baba Kwaɗo. Don Allah wane itace ne mai ƙaya, mai fure ja da rawaya, yana reto?"

Kwaɗo ya juya ido, ya ga Dila ya matso da ƙafa ɗaya. Ya ce, "Ja? Ƙaidaji ne, ga shi bayanki!" Tsulum, ya faɗa ruwa.

Gada ta ruga wajen ƙaidaji. Fure ja-ja ne kam, amma shi ma a dunƙule, ba rawaya. Ta taɓa ganyen da hanci, sai ganyen ya naɗe kansa. Ta dubi gindi, laka ce da ruwa.

Ta ce, "Ni ban kwantar da ɗana a laka ba."

Ta sake kama waƙa.

"Abarshi, Abarshi, ɗan lelena."

"Shiru, Gada, shiru."

"Na tambayi tudu, na tambayi rafi."

"Shiru, Gada, shiru."

"Wuta ta taso, ba ta da uwa."

"Shiru, Gada, shiru."

Yanzu ana jin ƙarar wutar, ƙas ƙas ƙas. Toka na sauka a bayansu. Fara na tashi, shaho na bin su a sama. Dila ma ya fara gajiya da ladabi.

Ya ce, "Ke wace irin uwa ce? Ko kaza ta san inda ta yi ƙwai. Kika ce furen dogo ne? To ga mai dogon fure can."

Ya nuna wata sarƙaƙiya, ta haɗe ta cukurkuɗe, ko rana ba ta shiga. Furenta dogo ne, fari-fari, ƙayarta a lanƙwashe kamar ƙugiya. Gada na gani ta san ba ita ba ce. Amma a kan furen akwai Ƙudan-zuma yana ta aiki, ko kallon hayaƙin bai yi ba.

Gada ta ce, "Sannu da aiki, Ƙudan-zuma. Don Allah wane itace ne mai ƙaya, mai fure ja da rawaya, yana reto?"

Ƙudan-zuma ya dubi Dila sama da ƙasa. Shi kam ba ya gudun kowa, wa zai cinye wuta da bakinsa? Ya ce da Gada, "Yaushe kika ga furen?"

"Jiya da safe."

"Bar zancen fure. Ƙayar bibbiyu ce ko ɗaiɗai?"

Gada ta rufe ido. Ta tuna sanda take tura ɗanta ciki, wata ƙaya ta kusa tsone mata ido. Ta ce, "Ɗaiɗai ce, a miƙe. Kamar ɗan reshe ne ya yi tsini, har da ganye a jikinsa."

"'Ya'yan itacen fa?"

Ta tuna abin da ta taka a gindi. Ta ce, "Busassu, a murɗe, sun cure wuri ɗaya kamar hanjin kaza."

Dila ya miƙa kunne. Ƙudan-zuma ya tashi, buuu, ya zagaya kan Dila har Dila ya sunkuya. Sannan ya shige can cikin kunnen Gada, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Ɗunɗu ne. Furensa ranar da ya buɗe yake ja. In ya kwana ya sha rana, jan ya koɗe ya koma fari, rawayan ya rage. Fari da rawaya za ki nema. Suna can kan tudu, inda wutar ta dosa."

Sai Gada ta tuna. Fari da rawaya! Wurin da ta fara zuwa, ta wuce da ƙafarta.

Dila ya ce, "Me ya ce?"

Ƙafarta na son gudu, amma in ta gudu Dila ya fi ta sauran ƙarfi. Ta haɗiye kuka, ta yi dariyar dole.

Ta ce, "Alhamdulillahi! Ya ce nan ne. Ashe idona ne ya ruɗe. Yana can ciki, tsakiya. Bari in ɗan numfasa in shiga."

Dila ya ce, "Haba ƙanwata, ke da kika gaji? Zauna, ni in ɗauko miki shi."

Ta ce, "A'a, kada in wahalar da kai."

Ya ce, "Wahalar me? Zumunci ne."

Yawu na zuba, ya ja da baya, ya yi tsalle, ya faɗa tsakiyar sarƙaƙiya. Ƙaya ta kama kunne. Ya fizge kunne, ta kama wutsiya. Ya waiwaya ya ciro wutsiya, ta kama leɓe.

Ya ce, "Wayyo! Ƙanwata, babu kowa a nan!"

Ta ce, "Ƙara shiga ciki."

Ta juya ta zuba a guje. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Me kika ce, Lantana? An gama? Ina! Zauna, yanzu ma aka fara.

Gada ta iso tudu. Ta ga ƙaya ɗaiɗai, ta ga 'ya'ya a murɗe, ta ga fure fari da rawaya yana reto. Ɗunɗu ne, ba shakka. Amma abin da Ƙudan-zuma bai gaya mata ba, ɗunɗu ba ya zama shi kaɗai. Saiwarsa ke tafiya ƙarƙashin ƙasa tana fito da 'yan'uwa. Ga wannan, ga wancan, ga na bayansa, tudu guda duk ɗunɗu ne, duk kamarsu ɗaya. Jiya wanda ta ɓoye ɗanta a ciki ne kaɗai ya yi sabon fure, yau kowa fari.

Wuta kuwa ta riga ta kama na gefe. Zafi na dukan fuska.

Gada ta tsaya a tsakiya ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Abarshi, Abarshi, ɗan lelena."

"Shiru, Gada, shiru."

"Ni ce, wallahi ni ce uwarka."

"Shiru, Gada, shiru."

"Na janye magana, amsa mini."

"Shiru, Gada, shiru."

Ba motsi, ba amsa. Ita ta koya masa, shi kuma ɗa ne mai jin magana. Ta shaƙi iska ko ta ji warinsa, ba komai sai hayaƙi, ita ta lashe shi da harshenta. Duk abin da ta yi don ta tsare shi, shi ne yau ya ɓoye mata shi.

Saura abu ɗaya, hanci a jiki.

Jiya da baya-baya ta fito, a hankali, tana kare ido. Yau ba lokacin hankali. Ta sa kai cikin ɗunɗu na farko, fuska a gaba. Ƙaya ta tsage ta ƙarƙashin idon dama. Ta lalluba da hanci, ta taɓa wani abu. Tsohuwar sheƙar makwarwa ce, ba kowa. Ta fito.

Ta sa kai cikin na biyu. Ƙaya ta tsage ta ƙarƙashin idon hagu. Ta hangi wani abu ja-ja a kwance, ta ɗauka shi ne. Ta taɓa, tudun gara ne. Ta fito.

Yanzu ba ta gani. Jini da hawaye da hayaƙi sun rufe ido. Wuta na cin na kusa da ita, tartsatsi na faɗo mata a baya. Ta ce, "Ya Allah, in ba ya cikin wannan, ni ma ba zan fito ba."

Ta sa kai cikin na uku. Ta lalluba dama, ƙasa ce. Ta lalluba hagu, ganye ne. Ta ƙara kutsawa, ƙaya na shiga tsagar da ke fuskarta. Sai hancinta ya taɓa wani abu mai ɗumi, yana makyarkyata.

Abarshi ya ɗaga kai. Murya ta dushe don ƙishi.

Ya ce, "Inna, na ga ƙafarki ɗazu da kika wuce. Na ji waƙar duka. Wuta ta faɗo mini a wutsiya. Amma ban motsa ba, ban amsa ba. Na yi daidai?"

Gada ta sunkuya ta lashe shi. Jinin fuskarta na ɗiga a kan goshinsa. Da ƙyar ta ce, "Ka yi daidai, ɗana. Tashi."

Ta ture shi da kai suka fito ta baya. Ko tsallake tudun ba su yi ba, ɗunɗun da ya kwana a ciki ya kama, wuf. Suka gangara rafi, suka shiga ruwa har wuya. Nan cikin ruwa ya kama nono, tana tsaye tana kuka, yana sha.

Dila fa? Oho. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wanda ya damu ya je ya ciro shi.

Da wuta ta mutu, Gada ta zauna ta yi tunani. Dokar nan ba za ta janye ta ba, don Kura na nan, Dila ma wataƙila yana nan. Amma ta ce ba za ta ƙara ba fure amanar ɗanta ba. Washegari da za ta fita kiwo, ta sami wani ɗunɗu da wuta ba ta ci ba. Ta duba ƙayar, ta duba 'ya'yan, ta tura Abarshi ciki. Sannan ta goga tsagar fuskarta a jikin reshe, dama da hagu, har warin hawayenta ya zauna. Ko fure ya koɗe, ko hayaƙi ya rufe ido, hancinta zai kawo ta.

Tsagar nan ba ta warke ba. Shi ya sa har yau in kun ga gada, za ku ga baƙin layi a tsage ƙarƙashin kowane ido, kullum da danshi. In kuma kun ga tana goga fuska a jikin ƙaya, ba ƙaiƙayi take ji ba, alama take sawa don kada ta sake ɓatar da ɗanta.

Ku ma in aka aike ku daji neman itace, kada ku riƙe launin fure kawai. Fure baƙo ne, yau ja gobe fari. Ku dubi ƙaya, ku dubi 'ya'ya, su ne 'yan gida.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Wanda bai ƙoshi ba ya haɗa da wutsiyar.